Kwana uku a Amboise, garin da aka tsare Amir Abdulƙadir

Wani malamin jami'a ya rubuto mini cewa zai halarci taro a Paris cikin watan Yuni, tare da uwargida, kuma bayan an tashi taro suna da rarar kwana uku kafin jirginsu. Ba ya son su ƙare kwanakin nan a cikin birni. An ba shi labarin tsofaffin gidajen sarautar da ke kwarin kogin Loire, har ya jera sunaye bakwai. Tambayarsa ita ce: a wane gari za su sauka, shin za su iya zaga bakwai ɗin ba tare da mota ba, kuma yaya maganar abinci da salla?

Malam, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Na yi shekara huɗu ina karatu a Tours, babban birnin wannan yanki, bayan nan kuma na sha raka baƙi wuraren da ka lissafa. Saboda haka zan fara da abin da ba za ka so ji ba: ɗauki biro ka soke huɗu daga cikin bakwai ɗin. Na ga yadda abin ke ƙarewa ga masu tseren fadoji. Ta farko sai santi, ta biyu ana ta ɗaukar hoto, daga ta uku kuwa komai ya cakuɗe, ɗaki mai gado da rumfa, murhu ƙato, hoton wani sarki mai gemu, a fito a shiga wani ɗakin a sake tarar da su. A dawo gida a tambaye ka me ka gani, sai ka buɗe waya kana neman amsa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai.

Ku sauka a Amboise. Da baki ana cewa Ambuwaz, kogin kuma Luwar, amma ka riƙe rubutunsu na Faransanci don shi za ka gani a allon tasha. Ƙaramin gari ne mai mutum wajen 13,000, kilomita 25 gabas da Tours. Abin da ya sa na zaɓa maka shi a kan Tours da Blois shi ne, manyan wurare biyu suna cikin garin kansa, da ƙafa za ku je su, na uku kuma, Chenonceau, kilomita 12 ne kawai. Akwai wani dalilin da ya fi waɗannan nauyi a wurina, zan zo kansa.

Daga Paris hanya biyu ce. Akwai jirgin ƙasa da ke tashi daga tashar Austerlitz ya bi ta Blois ya ajiye ku Amboise kai tsaye, tafiyar kamar awa biyu. Akwai kuma mai gudun nan, TGV, daga tashar Montparnasse, wanda cikin awa ɗaya da ɗan ɗoriya zai kai ku Saint-Pierre-des-Corps a gefen Tours, ku sauka ku canza ƙarami, minti sha biyar zuwa ashirin. Ni da kaya da iyali na fi son na Austerlitz. Ya fi araha, ba saukar tsakiyar hanya, ba gudun ceton jirgi da akwati a hannu. Ka sayi tikiti ta manhajar SNCF Connect, kuma daren da za ku tashi ka sake leƙawa, domin yajin aiki a Faransa kamar ruwan Agusta yake, ba a mamakinsa. Manyan akwatuna a bar su a otal ɗin Paris in za su yarda su ajiye.

Tashar Amboise tana ƙetaren kogi, a gaɓar arewa, garin kuma yana kudu. Kada ka nemi tasi in kayanku ba su da nauyi. Ku taka, minti ashirin ne, kuma wannan tafiya tana cikin abin da kuka zo gani. Gadar ta ratsa ta kan wani tsibiri a tsakiyar ruwa, Île d'Or, wato tsibirin zinariya, kana sauka daga gefensa sai fadar ta bayyana a gabanka, ɗare a kan tudun dutse, gidajen gari sun taru a gindinta kamar 'yan tsaki. Loire shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000, kuma tun shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa wannan sashe na kwarinsa cikin kayan tarihin duniya. A bazara ruwan kan ja baya, tudun yashi su fito tsakiyarsa, wanda ya san Binuwai da rani zai ga kama. Amma kada yashin ya ruɗe ku, yana zaftarewa, ruwan kuma yana da ja ta ƙasa. Ba a wanka a ciki.

Za ka lura duk ginin yankin fari ne mai ɗan ratsin rawaya, rufin kuma baƙi-baƙi. Farin dutsen sunansa tuffeau, yana da laushi har ana yanka shi da zarto, shi ya sa magina suka yi ta yi masa ado kamar masu sassaƙa ƙwarya. Ramukan da aka haƙo shi ba su tafi a banza ba, mutane sun mai da su gidaje da rumbuna. A titin Victor Hugo za ka ga ƙofa da taga da labule a jikin dutse, bututun hayaƙi kuma ya ɓullo ta saman tudu a cikin ciyawa.

Ranar farko ta fadar Amboise ce. Ku je da wuri, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su fara zubo mutane. Wanda ya mai da wurin fada ta gaske shi ne Sarki Charles na Takwas, a nan aka haife shi a 1470. Don ka sa shi a mizanin da ka sani, lokacin da yake wannan gini Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano. A 1494 ya kai yaƙi Italiya. Yaƙin bai tsinana masa wani abin kirki ba, amma ya dawo da magina da masu zane da masu gyaran lambu na can, kuma daga nan sabon salon gini na Italiya ya fara shiga Faransa. Ƙarshensa abin tausayi ne da ban mamaki. Ranar 7 ga Afrilun 1498 ya fito zai je kallon wasan ƙwallon hannu a cikin fada, ya bi ta wata gajeriyar ƙofa, goshinsa ya bugi samanta. Ya wuce ya yi kallonsa, daga baya ya yanke jiki ya faɗi, kafin gari ya waye ya cika. Shekararsa 27, bai bar ɗa namiji ba. Mutumin da ya tsallake duwatsu da runduna ya dawo lafiya, ƙofar gidansa ce ta yi ajalinsa.

Abin da ya fi burge ni a ginin su ne hasumiyoyi biyu masu faɗi, Minimes da Heurtault. Ba matakala a cikinsu. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya da ke murɗawa tana hawa, an yi ta ne don mahayi ya shigo daga gari a kan dokinsa har farfajiyar sarki ba tare da ya sauka ba. Duk wanda ya taɓa ganin hawan sallah zai gane wannan tunani nan take. Ka hau saman Minimes ka dubi kogi, sannan ka waiwayo ka dubi barandar ƙarfen da ke jikin babban zaure. A watan Maris na 1560 wasu manyan 'yan Furotesta suka ƙulla makircin sace yaron sarki, François na Biyu, don su raba shi da dangin Guise, 'yan Katolika da suka kankane mulki. Asirinsu ya tonu. Aka yi ta kisa kwana da kwanaki, wasu aka rataye su a jikin wannan baranda, wasu aka jefa su kogi. Daga nan sarakuna suka fara ƙaurace wa Amboise. Abin da za ku gani yau bai fi kashi ɗaya cikin biyar na ainihin fadar ba, domin a zamanin Napoleon an ba wani babban jami'i, Roger Ducos, wurin, kuɗin gyara ya gagare shi, sai ya rushe mafi yawansa.

Yanzu ga dalilin da na ce zan zo kansa. Mafi yawan baƙi suna gama zaga ɗakuna sai su nufi ƙofar fita. Ku kada ku yi haka. Ku bi lambu ku haura can ƙarshensa ta sama, inda aka rubuta Jardin d'Orient. Maƙabartar Musulmi ce.

Amir Abdulƙadir na Aljeriya an haife shi a 1808 kusa da Mascara, shekarar da Alƙalawa ta faɗi a hannun jama'ar Shehu. Mahaifinsa Muhyiddin shehin Ƙadiriyya ne, kenan ɗarika ɗaya suka sha da Mujaddadi. An yi masa mubaya'a a 1832 yana ɗan shekara 24, ya yi shekara 15 yana fafatawa da sojan Faransa. A ƙarshen Disamban 1847 ya ajiye makami bisa alƙawari bayyananne cewa za a kai shi da iyalinsa Iskandariyya ko Akka. Ba a cika ba. Wata biyu bayan haka juyin juya hali ya kifar da Sarki Louis-Philippe wanda ɗansa ya amince da alƙawarin, sabuwar gwamnati kuma ta yi kunnen uwar shegu. Aka tsare shi a Toulon, aka mai da shi Pau, a Nuwamban 1848 aka kawo shi Amboise tare da mutanensa kusan 80: mahaifiyarsa, matansa, 'ya'yansa, 'yan'uwa, barori. Ka tuna fadar a lokacin rabinta kufai ce. Mutanen da suka saba da rana da tanti aka zuba su cikin ɗakunan dutse masu danshi a bakin kogi, cikin hunturun da ko mu da muka zo da rigunan sanyi na zamani sai da ya gasa mana aya a hannu. Cikin shekara huɗu mutum 25 suka rasu, cikinsu da mata da ƙananan yara. Ranar 16 ga Oktoban 1852 Louis-Napoléon, wanda ke shugabancin ƙasar a lokacin, ya zo Amboise da kansa ya shaida wa Amir cewa an sake shi. Ya tafi Bursa ta ƙasar Turkiyya, daga can ya koma Dimashƙa, inda a rikicin 1860 ya buɗe gidansa ya ɓoye dubban Kiristoci da ake farauta. A can ya rasu a 1883.

Waɗannan 25 ɗin su ne ke kwance a saman lambun. A 2005 wani mai fasaha ɗan Aljeriya, Rachid Koraïchi, ya tsara wurin: duwatsu 25 da aka kawo daga Halab ta Siriya, an sassaƙa musu rubutun Larabci, sannan aka ja layi ɗaya na wani tsiro mai ƙamshi da suke kira romarin, ya ratsa wurin yana nuna alƙibla. Zuwana na farko cikin kaka ne, da yamma, ganye duk ya zube. Na tarar da wani dattijo Balarabe da hular ulu, ya jingina sandarsa a jikin benci, ya ɗaga hannu. Na tsaya gefe har ya shafa. Muka yi sallama, ya tambaye ni ƙasata, na faɗa masa. Ya murza ganyen tsiron nan a yatsunsa ya miƙo mini in shinshina, sannan ya ɗauki sandarsa ya gangara. Ƙasa da mu kaɗan wata ƙungiyar baƙi na ta bin mai riƙe da tuta, ba wanda ya ɗago kai ya dubi inda muke. Ku ba wurin nan rabin awa, ku yi musu addu'a. A bakin kogi kuma, gindin fadar, akwai wata siffar Amir ta ƙarfe da aka kafa a Fabrairun 2022. Tun kafin a yi bikin buɗe ta wasu suka bi dare suka lalata ƙasanta. Hakan ya ishe ka sanin cewa maganar Aljeriya ba ta huce a Faransa ba har gobe.

Kafin ku fita daga fadar ku leƙa ƙaramin cocin Saint-Hubert da ke maƙale a bakin ganuwa. A ƙasansa akwai dutse ɗauke da sunan Leonardo da Vinci, shahararren mai zane da ƙirƙire-ƙirƙire ɗan Italiya. Asali an binne shi ne a wani coci na cikin fadar wanda ya tafi cikin rushe-rushen da na ambata. A 1863 aka tona wurin aka sami ƙasusuwan da ake kyautata zaton nasa ne, daga baya aka dawo da su nan. Su kansu masu kula da wurin zato suke cewa, ba su ce tabbas ba, kuma na yaba musu da wannan.

Gidan da ya zauna, Clos Lucé, bai fi tafiyar minti goma ba ta titin Victor Hugo ɗin nan mai gidajen cikin dutse. Sarki François na Ɗaya, wanda a Amboise ya yi ƙuruciyarsa, shi ya gayyato shi daga Italiya a 1516. Tsoho ne lokacin, shekararsa 64, ya tsallako duwatsun Alps da littattafansa na zane da hotuna uku, ciki har da Mona Lisa. Sarki ya ba shi gida da albashi da muƙamin babban mai zane, injiniya kuma magini na sarki. A nan ya rasu ranar 2 ga Mayun 1519. Za a nuna muku hoton da aka zana sarki na rungume da kansa yana cikawa. Labari ne mai daɗi, amma masana tarihi da yawa sun ce a ranakun nan sarkin yana Saint-Germain-en-Laye, kusa da Paris. Kada kuma ku sa rai da ganin Mona Lisa, tana gidan tarihin Louvre a Paris. Abin gani a nan shi ne injinan da aka ƙera daga zane-zanensa: gada mai juyawa, keken yaƙi mai kama da kunkuru, na'urar ɗaga ruwa sama, da wani abu mai fiffike kamar na jemage. Ƙananan suna ɗakin ƙasa, manyan suna cikin lambu, ana taɓa su ana juya su. Ni a ganina gidan ya ɗan yi yawan kwalliyar kasuwa, kuɗin shigarsa ma ba sauƙi. Amma in ɗayanku na da sha'awar kimiyya ko koyarwa, zai fito da abin ba ɗalibai labari na shekara guda.

Rana ta biyu ku ba Chenonceau ita kaɗai. Jirgin ƙasa daga Amboise zagaye ne, sai an koma Saint-Pierre-des-Corps an canza, ko da yake tashar tana dab da ƙofar fadar. Bas akwai amma ba ta da yawa. Abin da ya fi shi ne ku je ofishin masu yawon buɗe ido da ke bakin kogi tun ranar farko, su duba muku lokutan bas, ko su haɗa ku da tasi ku yi da shi ya dawo ya ɗauke ku. In kuna iya keke, ana haya a gari, hanyar ta bi ta daji da gonakin inabi, sai dai akwai hawa. Ka lura sunan ƙauyen yana da harafin x a ƙarshe, Chenonceaux, na fadar kuma babu.

Wannan fada a kan ruwa take zaune, ta ƙetare kogin Cher daga gaɓa zuwa gaɓa, kuma tarihinta na mata ne, don haka ka bar uwargida ta ja gaba. An fara ta a 1513, maigidan Thomas Bohier yana yawan tafiye-tafiyen aikin sarki, matarsa Katherine Briçonnet ce ta tsaya kan magina. A 1547 Sarki Henri na Biyu ya ɗauke ta sukutum ya ba farkarsa, Diane de Poitiers, wadda ta girme shi da kusan shekara 20. Matarsa ta aure, Catherine de Médicis, tana gani tana ji, ta haɗiye. Diane ta shuka lambu, ta sa aka gina gada daga bayan gidan zuwa ɗaya gaɓar. A 1559 sarki ya shiga wasan sukuwa da mashi, tsinken mashi ya shige masa ido, ya mutu. Ba a daɗe da binne shi ba Catherine ta aika wa Diane cewa ta tattara nata ya nata, ta ba ta fadar Chaumont a madadi. Sannan ta shuka nata lambun daura da na Diane, ta kuma ɗora dogon zaure mai hawa biyu a kan gadar kishiyar, tsawonsa mita 60. Kishi kumallon mata, in ji Bahaushe, sai dai wannan kumallon ya bar wa Faransa ginin da ya fi kowane kyau a idona. Ku tsaya tsakanin lambunan biyu ku yanke hukunci da kanku. Ni na Diane ya fi mini, amma ban taɓa faɗin haka a gaban matar aure na kwashe lafiya ba.

A saman bene akwai ɗaki baƙi ƙirin, bango da rufi, an zana masa hawaye da ƙasusuwa. Na Louise de Lorraine ne, matar Henri na Uku. Da aka kashe mijinta a 1589 ta shige nan ta yi shekaru tana takaba, cikin fararen kaya, don fari ne tufafin makokin matan sarakuna a lokacin. Ku sauka kuma ku ga madafa, wadda aka gina a cikin ƙafafun ginin da ke tsaye cikin ruwa, da tukwanen tagulla rataye, da wurin da kwalekwale ke tsayawa a ɗora kayan cefane. Dogon zauren nan ya ga abin da ya wuce rawa da liyafa. A yaƙin duniya na ɗaya iyalin Menier, masu kamfanin cakulan da suka sayi fadar a 1913, sun mai da shi asibiti, an yi jinyar sojoji sama da 2,000 a ciki. A yaƙi na biyu kuma kogin Cher ne ya zama iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba. Ƙofar shiga tana hannun Jamusawa, ƙofar ƙarshen zauren tana buɗewa a ɗaya ɓangaren, kuma an tsallakar da mutane ta nan a ɓoye.

Rana ta uku ban cika son tsara wa mutum ita ba. In ta faɗo Juma'a ko Lahadi, da safe akwai kasuwa a bakin kogi, ta Lahadi ta fi cika, kuma Yuni lokacin 'ya'yan itatuwa ne. Bayan nan zaɓi naku ne. Chaumont, inda aka tura Diane, na da bikin lambuna da ake yi duk shekara tun 1992, ana sauka a tashar Onzain a ƙetara gada da ƙafa, tafiya ce mai ɗan tsawo da hawa. Blois minti ashirin ne a jirgi, a fadarta Henri na Uku ya sa aka kashe shugaban gidan Guise ranar 23 ga Disamban 1588. Na san Chambord na cikin jerinka, kowa da ita yake zuwa. An fara ta a 1519, ɗakuna fiye da 400, katangar dajinta kilomita 32, ga matakalar nan mai murɗi biyu da mai hawa da mai sauka ba sa haɗuwa. Daga waje abin kallo ce ƙwarai. Ciki kuwa yawancinsa fayau yake, shi kansa François na Ɗaya da ya gina ta kwanakin da ya yi a ciki duka ba su kai wata uku ba. Ba mota, sai kun je Blois kun jira bas, yinin ya tafi kenan, ga jirgin Paris na jiran ku. In da ni ne, sai in yi kasuwa da safe, in hau hasumiyar Chanteloup da ke bayan gari, mai tsawon mita 44, wadda wani waziri da Louis na Sha Biyar ya kora, Choiseul, ya gina a shekarun 1770 don tunawa da abokan da ba su guje shi ba, sannan in kama jirgin yamma.

Abinci. A nan sai ka buɗe ido, domin abin alfaharin Touraine, wato yankin Tours, guda biyu, rillettes da rillons, duka naman alade ne. Watana na farko a Tours matar da nake haya a gidanta ta gayyace ni cin abinci da maƙwabta. Na ga wani abu a ƙaramin kasko mai kama da dambun nama da aka kwaɓa da mai, kowa na shafawa a burodi. Na ɗauki wuƙa na shafa nawa, har na kai baki, sai ta yi wuf ta riƙe mini hannu tana cewa a'a, a'a, wannan ba naka ba ne. Ta fi ni jin kunya, baiwar Allah. Ka haddace kalmomin nan: porc, jambon, lardons, saucisson, da waɗancan biyun. Lardons su ne masu shammatar mutum, 'yan gutsattsari ne da ake barbaɗawa a salak da wainar ƙwai ba tare da an rubuta ba wani lokaci, saboda haka ka tambaya. Miyar da ake zuba wa kifi, beurre blanc, da farar giya ake haɗa ta, ka ce a kawo kifin ba miya. Abin da ya rage yana da yawa: burodi mai zafi, kifi, ƙwai, kayan lambu, da cukun akuya na Sainte-Maure, dogo mai toka a jiki da tsinken kara a tsakiyarsa. Shagunan kebab sukan sayar da naman halal, amma ka tambaya kafin ka zauna. Sai lokaci: gidajen abinci suna ba da na rana daga sha biyu zuwa biyu, na dare daga bakwai zuwa wajen tara. Ka zo ƙarfe uku ka tarar an kife kujeru. Lahadi da yamma da Litinin kantuna da yawa a rufe suke. Kuma ku sa ɗan yaji da kuka saba da shi a jaka, abincinsu lami ne a harshenmu.

Salla a watan Yuni tana son shiri. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura, isha'i ta kai ku kusan tsakar dare, asuba kuma ta shigo tun wajen huɗu. Ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru, sauran hukuncin kuma ka fi ni sani. Ku ɗauki darduma marar nauyi. A cikin ɗakunan fada ba wurin yi, amma lambunan suna da faɗi, a Île d'Or ma akwai fili da inuwa. In Juma'a ta riske ku, Tours na da masallatai, minti ashirin ne a jirgi. Na san a matsayinka na malami za ka tuna Balaɗus Shuhada, yaƙin 732 da Abdurrahman al-Gafiƙi ya faɗi a gaban Charles Martel. Inda ake kyautata zaton an yi shi, Moussais, yana kudu can wajen Châtellerault, fili ne da alluna, ba a kai masa sai da mota. Ka bar shi sai wani zuwan.

Kuɗin shiga ka ƙiyasta Yuro 20 ga kowane mutum a kowace ƙofa daga cikin ukun nan. Otal kuma a kama tun yanzu, Yuni lokacin cika ne, kuma a tambaya ko akwai na'urar hawa bene, don tsofaffin gidajen tsakiyar gari matakalarsu ƙunci gare ta. Abu na ƙarshe, duk shagon da kuka shiga, duk direban da za ku yi wa magana, ku fara da bonjour madame ko bonjour monsieur kafin komai. Bafaranshe yana ɗaukar wanda ya faɗo masa da tambaya ba gaisuwa kamar yadda muke ɗaukar wanda ya shigo zaure ba sallama, kuma yawancin labaran da ake bayarwa na rashin fara'arsu daga nan suke farawa.

Daren farko, in kun ci abinci, ku koma kan tsibirin wajen ƙarfe tara ku zauna ta gefen da ke fuskantar fadar. Rana na yin ƙasa farin dutsen zai koma ja-ja, kwalekwalen katako masu shimfiɗaɗɗen ƙasa suna dawowa da masu yawon yamma. Ku riƙo rigar sanyi ko da rana ta yi zafi, iskar kogin tana juyawa da zarar an yi magariba.